Yadda Ake Gano Ciwon Batir da Cajin Mota Kafin a Kashe Kuɗi

Mota ta ƙi tashi da safe, an murɗa makulli sai ƙara "kat-kat-kat", kowa ya ce batir ya mutu. A tura yaro ya sayo sabo, a ɗaura, mota ta tashi, a ce an gama. Bayan sati biyu sabon ma ya kwanta. An canza wanda aka cuta, an bar mai cutar yana nan.

Batir randa ce. Altaneta, wanda wasu ke kira dinamo, shi ne mai garuwa da ke zuba mata. Demarer, wato kik a bakin mutanen Najeriya, da fitilu da rediyo su ne masu ɗiba. Duk mutumin Damagaram ya san in aka wayi gari randa ba ruwa, abu uku ne: ko ta tsage, ko mai garuwa bai zo ba, ko wani ya kwashe cikin dare. Aikin mai bincike shi ne ya raba ukun nan, kuma awo ke raba su, zato ba ya yi.

Kayan aiki kaɗan ne: multimita, wato mitar awon wuta, mai nuna lamba, ko ta araha ce, muddin tana da wurin bolt 20 DC da ramin amfer 10; sifana lamba 10, wani lokaci da 12 ko 13; burushin ƙarfe ko takardar gogewa; ruwan batir; da mutum ɗaya da zai murɗa makulli kana kallon mita. Cire zobe da agogon ƙarfe kafin ka sa hannu. Kada a kusanto da taba ko ashana, domin batir mai caji yana fitar da iskar haidurojin, tartsatsi ɗaya ya isa ya fasa shi ya watsa maka asid a ido. Wajen kwance batir, kan mas mai alamar ragi ake fara cirewa, wajen ɗaurawa kuma shi ne na ƙarshe. Dalili: in ka fara da kan fulus mai alamar ƙari sifana ta taɓa jikin mota, ta zama waldi a hannunka.

Ido da kunne tukuna

Kunna fitilun gaba, ka sa a murɗa makulli, kai kana gaban mota. In fitilun suka dushe kamar za su mutu, inji na juyawa da ƙyar ko ana jin ƙara a jere, wuta ce ba ta isa: batir, ko maƙalar kansa, ko waya. In ƙara ɗaya ce "kas" fitilu kuma suna nan garau, hankalinka ya koma kan demarer. In shiru ne ɗungurungum alhali fitilu na haske, a duba makulli da rile da fiyus, a motar otomatik kuma a gwada tayarwa giya tana N maimakon P.

Sai ka buɗe murfin inji. Kama kowane kos, wato maƙalar da ke riƙe kan batir, ka gwada juya shi da hannu. In ya motsa, ka riga ka samu laifi ɗaya. Nan ne ake ganin ƙusa ko guntun gwangwanin tumatir da aka cusa don ya kama. Wannan dabarar kai mota gida ce kawai, domin wutar da ya kamata ta bi duk zagayen dalma sai ta matse a bakin ƙusa, wurin ya yi zafi, dalmar ta narke. Kos sabo bai kai kuɗin batir ba ko kusa.

Farin gari ko kore da ke taruwa a kai asid ne ya ci ƙarfe. A jiƙa babban cokali ɗaya na bikarbonat a kofin ruwa a wanke. In babu, ruwan kanwa da aka tace yana yi, tunda ita ma tana kashe tsamin asid. Amma a toshe murafen sosai, kada ɗigo ya shiga ciki. A goge kan dalma da cikin kos har su yi sheƙi, a ɗaure, sannan a shafa giris a waje. Bayan ɗaurewa ake shafawa, ba kafin ba.

Dubi saman batirin. Ƙurar hunturu in ta haɗu da laimar asid tana zama hanyar wuta daga kai zuwa kai. Ɗora baƙin tsinken mita a kan mas, ka ja jan tsinken a kan robar saman batirin. In mita ta nuna bolt da yawa a kan roba, wuta na zurarewa ta cikin dauɗa. Wankewa da bushewa ne maganin. Dubi gefe kuma: batirin da ya kumbura ciki, ko yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, an dafa shi ne, zafi ko cajin da ya wuce kima. Kada a sake ɗora shi a caji.

Abin da aka fi rainawa shi ne maɗauri. Batirin da aka ɗaure da tsinken robar taya, ko aka bar shi zaune haka nan, in ya bi hanyar Tanut ko ƙauyukan Magarya yana tsalle a mazauninsa. Girgizar tana kakkaɓe sinadarin da ke jikin farantan ciki ya taru a ƙasa, wata rana ya haɗe faranti biyu, ɗaki ɗaya ya mutu.

In batirin mai murafe ne, buɗe duka shida ka leƙa. Ruwa ya rufe faranti da santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In ya ragu, ruwan batir tsantsa ake ƙarawa. Ban da na rijiya, ban da na famfo, ban da na leda, saboda gishirin da ke cikinsu yana lalata faranti. Ban da asid kuma. Ruwa ne ke ƙafewa da zafi, asid ɗin yana nan, in ka ƙara masa sai ya yi kauri ya cinye farantan. Batirin zai yi ƙarfi na ƴan kwanaki, mai mota ya yi murna, daga nan sai gawa.

Awo na farko: batir yana hutawa

Sa mita a bolt 20 DC, jan tsinke a fulus, baƙi a mas, a kan dalmar kanta. Awon ya fi gaskiya da sassafe, bayan mota ta kwana. In yanzu aka kashe inji, kunna fitilun gaba minti ɗaya, ka kashe, ka jira minti biyu, don cajin da ke bisa-bisa ya sauka.

Batirin mota ɗaki shida gare shi, kowanne kusan bolt 2.1. Saboda haka cikakke yana nuna 12.6 ko sama kaɗan. In ka ga 12.4, kashi uku cikin huɗu ke ciki. In 12.2 ne, rabi. In 12.0 ne, saura kwata, ƙasa da haka kuwa fanko ne. Mutane na ganin 12.0 su ce ai sha biyu ne, lafiya lau, alhali yana bakin gargara. In kuma bayan an yi masa caji ya tsaya wajen 10.5, ɗaki ɗaya ya mutu, ba caji da zai tashe shi.

Ka lura, wannan awon yawan ruwan randa yake faɗa maka, bai ce komai ba a kan tsagewarta. Batirin da ya nuna 12.1 ba lallai ya lalace ba, yunwa ce ke damunsa. A kai shi caji a hankali, da kashi ɗaya cikin goma na girmansa: mai amfer 60 a ba shi amfer 6, awa goma zuwa sha biyu. Cajin gaggawa na awa ɗaya da wuta mai yawa yana tafasa shi ne kawai. In jikinsa ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, a tsaya ya huce. Ba a yanke wa batir hukunci sai yana cike.

Mai ma'aunin kaurin ruwan batir, wato gilashin nan mai roba a kai, ya auna ɗaki-ɗaki. Cikakke yana kaiwa wajen 1.26, wanda ya zube yana sauka kusan 1.12. Abin dubawa shi ne bambanci: in ɗaki ɗaya ya gaza sauran da 0.05, batirin ya tafi.

Awo na biyu: lokacin tayarwa

Nan ake gane jarumi. Bar mita a kan batir, ka sa a murɗa makulli. Don inji ya juya bai kama ba, a motar esans cire fiyus ɗin famfon mai, a tsohuwar motar gazuwal cire ƴar wayar da ke kan famfon allura. Juyawar kada ta wuce daƙiƙa goma zuwa sha biyar, a huta minti ɗaya kafin a sake.

Batir mai lafiya ba ya sauka ƙasa da 9.6 yana juya inji, galibi ma yana tsayawa sama da 10. Wanda ya nuna 12.6 yana hutawa amma ya faɗi 7 ko 8 da an murɗa, ya tsufa: bakinsa cike, cikinsa ba komai. Demarer na ƙaramar motar esans yana jan amfer 100 zuwa 200, na gazuwal yana wuce 300, ga kuma bujin ɗumama da ke shan nasu kafin a tayar. Shi ya sa Hilux ke fara tona asirin batir kafin Corolla.

Akwai abin da ya kamata mutanen nan su fahimta game da lokaci. Batir yakan ƙi aiki da sanyin asubar Disamba da Janairu, sai a ɗora wa hunturu laifi. Amma bazara ce ta kashe shi. Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40 a inuwa, a ƙarƙashin murfin inji ya fi haka nesa ba kusa ba. Ƙa'idar da masu harkar batir ke bi ita ce, duk ƙarin kusan digiri 10 a kan 25 yana raba rayuwar batir biyu. Zafi ya ƙafar da ruwa, ya ci ƙarfen faranti, amma tunda man inji sakwaf yake lokacin, mota na tashi ba a gane ba. Sanyi na zuwa, mai ya yi kauri, sai raunin ya fito. Batirin da ya ga bazara biyu a nan, a riƙa aunawa kafin hunturu.

In batir ya tsaya sama da 11, amma inji na juyawa da ƙyar ko ba ya juyawa, wuta ce ba ta kaiwa. Wannan ya kawo mu awon da ba a cika yi ba, alhali shi ya fi ceton kuɗi.

Wutar da ke ɓacewa a hanya

Waya na iya yin kyau a ido, a auna ta nuna tana haɗe, amma siraran zare biyu kawai suka rage a cikinta. Za su kunna ƙwan fitila, ba za su ɗauki amfer 200 ba. Ba a gane wannan sai wuta tana gudu. Saboda haka duk awon nan ana yin sa ne lokacin da ake murɗa makulli.

Tsinke ɗaya a kan dalmar batir, ɗayan a kan kos ɗin da ke riƙe da ita, tazarar yatsa ɗaya tsakaninsu. A murɗa. Abin da ya wuce 0.2 yana nufin datti ko tsatsa ta shiga tsakani. Yi wa kai biyun duka.

Sai tsinke ɗaya a dalmar fulus, ɗayan a babban notin demarer inda wayar ke sauka. Kada ya wuce 0.5. Sannan baƙin tsinke a dalmar mas, ja a jikin inji inda ƙarfe yake tsirara. Kada ya wuce 0.3. Wannan na ƙarshen shi ne ke yawan kama mai laifi, musamman motar da aka taɓa sauke mata inji ko giyabos: an manta wayar mas, ko an ɗaure ta a kan fenti. In babu mas mai kyau, wuta tana neman hanya ta wayar totur ko ta birkin hannu, har ka ji suna zafi. Gwaji mai sauƙi: ɗauki wayar jona batir guda, ka maƙala daga kan mas zuwa jikin inji. In mota ta tashi tsaf, ka gama bincike.

In duk wayoyi sun nuna lafiya, batir ya cika, amma wuta na faɗuwa ƙasa sosai inji na ja da ƙyar, demarer ne ke shan fiye da ƙima, ko bushinsa sun ci, ko cikinsa na gogar jiki. Gwada wani batir da aka tabbatar da lafiyarsa kafin a kwance.

Mai garuwa: altaneta

Fara da fitilar batir da ke kan tablo. Da an buɗe kontak ya kamata ta kama, da inji ya tashi ta mutu. In ba ta kama ba sam, kada ka yi murna. A motoci da yawa, musamman tsofaffi, ta cikin wannan ƙwan ne ƴar wutar da ke tada altaneta take bi. Ƙwan ya ƙone, ko wani ya cire shi don ɓoye matsala kafin sayar da mota, sai altaneta ya ƙi fara caji har sai an taka totur sosai, ko ya ƙi gaba ɗaya.

Inji a kashe, danna fambel, wato bel ɗin da ke juya altaneta, da babban yatsa a tsakiyar inda ya fi tsawo. Santimita ɗaya ya kamata ya lotsa. Dubi cikinsa: in yana sheƙi kamar an goga masa mai, ko ya tsattsage, yana zamewa ne a kan fuli. Kukan "ƙiii" da safe ko lokacin kunna kilim, wato na'urar sanyaya mota, alamarsa ke nan. Kada kuma a ɗaure shi kamar tsirkiyar baka, boris ɗin altaneta da na famfon ruwa ne za su biya.

Tayar da inji, komai a kashe, mita a kan batir. Ana son 13.8 zuwa 14.5. In inji ya yi zafi da rana tsaka, 13.5 ba laifi ba ne, domin regileta, mai daidaita wutar altaneta, yana rage wuta da kansa in ya ji zafi. Ɗaga inji zuwa juyi 2000, ka kunna fitilun gaba da fankar kilim a ƙarshenta. Wuta ta tsaya sama da 13.2. In tana gangarowa zuwa 12 da wani abu tana ci gaba da sauka, mota na cin batir ne, ba a mayar masa.

Kafin ka ce altaneta ya mutu, kai jan tsinke bayansa, kan notin da babbar waya ke ɗaure, mai alamar B. In can akwai 14.3 amma batir na ganin 13.2, altaneta na aikinsa, hanya ce ke cinye wutar: waya, ko babban fiyus, ko kos. Bambancin kada ya wuce 0.4. In ka kashe inji ka ga sifili a wannan notin, babban fiyus ya ƙone, kuma sau da yawa dalilinsa shi ne an taɓa jona batir a juye.

In can ma 12 da ɗoriya ne daidai da batir, cire ƙaramin soket ɗin altaneta ka auna. A yawancin Toyota masu waya uku, akwai S da ke da wuta kullum, da IG da ke samun wuta in an buɗe kontak, da L ta fitilar tablo. In IG ba wuta, fiyus ne ko waya, altanetan lafiyarsa ƙalau. An sha sauke altaneta mai rai saboda fiyus na amfer 7.5.

In soket ya cika sharuɗɗa, sai a sauke. Abu na farko gawayi, wanda ake ce wa sharbon, mai kai wuta ga rota, wato ɓangaren da ke juyawa a cikin altaneta. Ƙurarmu tana cin sa kamar takardar gogewa. In tsawonsa ya gaza milimita 5, a canza. Alamarsa tun kafin ya ƙare ita ce fitilar batir mai ƙyaftawa, ta kama ta mutu, musamman a kan gargada. Auna zoben tagulla biyu na rota, tsakanin om 2 da 5 ake nema, kuma kada ɗayansu ya haɗu da ƙarfen jiki. A tsofaffin Hilux da Hiace na gazuwal masu injin 2L da 3L da 5L, famfon iskar birki yana manne a bayan altaneta, man inji na bi ta cikinsa. In silin ya sake, mai ya shiga ya haɗu da ƙura ya zama laka, gawayi ya maƙale. Canza gawayi ba tare da canza silin ba aikin banza ne.

Diyod kuma, wato ɗan abin cikin altaneta da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, mugun ciwo ne mai ɓoyewa. Guda ɗaya in ya ƙone, altaneta na ci gaba da caji amma ƙarfinsa ya ragu sosai. Za ka ji wani siririn kuka da ke bin totur, har a rediyo, fitilar batir kuma tana ɗan ja-ja da dare. Juya mita zuwa AC, inji na aiki fitilu a kunne, ka auna a notin B. Abin da ya wuce 0.5 alamar diyod ne. Sai dai wasu mitocin araha suna ruɗewa a nan su nuna wajen 30. Gwada taka a kan batir inji a kashe tukuna: in ta nuna lamba babba, ba ta iya wannan awon ba.

Ɗaya ɓangaren shi ne caji ya yi yawa. Daga 15 zuwa sama regileta ya lalace. Ƙwayayen fitila na ƙonewa a kai a kai, batir na shan ruwa duk sati, ga wari. Wannan ya fi rashin caji haɗari, domin kwamfutar mota na iya tafiya. A sababbin motoci kuwa, inda kwamfuta ke juya caji, za ka iya ganin 12.8 yanzu, an jima 14.8, kuma lafiya ce. Kunna fitilun gaba, in ta hau sama da 13.5 ka bar ta.

Akwai gwajin da ya zama ruwan dare a garejoji: a cire kan batir inji na aiki, in mota ba ta mutu ba a ce caji na nan. A daina. Batir ne ke shanye tsallen wutar altaneta. Da ka cire shi, wuta na iya harbawa ninkin-ba-ninkin cikin ƙiftawar ido, ta kashe diyod da regileta da kwamfuta. Gwajin ma ƙarya yake yi, tunda altanetan da ya rage saura kwata zai iya riƙe inji a silo, wato ba a taka totur ba. Haka nan karta waya tsakanin kai biyu don ganin tartsatsi, wannan neman fashewa ne a fuska.

Wani lokaci kuma ba abin da ya lalace, lissafi ne bai fita ba. Motar da aikinta daga Birni zuwa Kasuwar Dole ne, a kashe, a tayar, a tsaya a silo da kilim, ba ta samun mayar da abin da take ci, domin altaneta a silo ba ya ba da cikakken ƙarfinsa. Haka motar da aka lafta wa manyan fitilu da firij da lasifika don tafiyar Agadas, alhali altanetanta na amfer 70 ne. Ta farko tana son doguwar tafiya ko caja sau ɗaya a wata, ta biyu tana son altaneta babba.

Ɓarawon dare

Batir lafiya, caji lafiya, amma in mota ta kwana biyu sai an tura. Wani abu ke sha tana barci. Kashe komai, cire makulli, buɗe ƙofar da za ka yi aiki ta wajenta ka danna harshen makullinta da sukundireba don mota ta ɗauka a rufe take. Mayar da jan tsinke ramin amfer 10. Sassauta kos ɗin mas, ɗora baƙin tsinke a kan dalma, ja a kan kos, sannan ka ɗaga kos ɗin, ta yadda wuta ba ta yanke ba sai dai ta bi ta cikin mita. Kada a taɓa makulli a wannan hali, mita za ta ƙone.

Tsohuwar mota nan take za ta nuna gaskiya. Sabuwa sai an jira minti ashirin zuwa arba'in kwamfutocinta su kwanta. Abin da aka yarda da shi bai wuce amfer 0.05 ba. Ƙwan but mai wat 5 da ya ƙi mutuwa yana shan 0.4, wato kusan amfer 10 a kwana ɗaya. Batir mai amfer 60 ya kai rabi cikin kwana uku.

Riƙa zare fiyus ɗaya-ɗaya kana kallon mita. Wanda ka zare lamba ta faɗi, layinsa ne. Amma fara zargin abin da aka ƙara wa mota bayan ta baro kamfani: rediyon da aka jona kai tsaye da batir, na'urar bin sawun mota, ƙararrawar ɓarayi, cajar waya da ke zaune a soket. In an zare duka fiyus lamba ba ta motsa ba, cire babbar wayar bayan altaneta, ka naɗe bakinta kada ta taɓa ƙarfe. In ta faɗi, diyod ne ke mayar da wuta baya, kuma sau da yawa za ka ji jikin altanetan da ɗumi da asuba, inji kuwa sanyi ƙalau. Da ka gama, mayar da jan tsinke ramin bolt nan take. Mantuwar nan ita ke kashe mitoci.

Akwai ɓarawon da mita ba ta kamawa: a sauke batirin mota da dare a kunna fanka da talabijin. Batirin tayar da inji farantansa sirara ne, an yi shi don ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙa kaɗan a mayar masa nan take. Zubar da shi ƙasa sau da yawa yana sa farin gishiri ya daskare a farantan. Wannan aikin batirin sola ne.

Manyan motoci, jonawa, da sayen sabo

Mota mai bolt 24 batir biyu ne a jere. Lambobin bolt na batir da na caji a ninka su: 25.2 a hutu, wajen 28 a caji. Amma auna kowanne shi kaɗai, bambancin kada ya wuce 0.2. Abin da ke kashe su shi ne jan wayar rediyo ko cajar waya daga guda ɗaya. Wannan yana zama da yunwa, ɗan'uwansa yana dahuwa. A sa na'urar rage wuta daga 24 zuwa 12. In za a canza, a canza biyun tare, girma ɗaya.

Wajen jonawa, ja zuwa fulus na mataccen, ɗayan bakin zuwa fulus na mai rai, baƙi zuwa mas na mai rai, bakin ƙarshe kuma a jikin injin motar da ta mutu, nesa da batir, don tartsatsin ya tashi can. Bar mai rai ta yi aiki minti biyar kafin a murɗa. A kwance ta baya-baya. Kada a jona ƙaramar mota da bolt 24 wai don ta yi saurin tashi. Bayan ta tashi kuma, zagayen unguwa ba ya cika batirin da ya zube, a kai shi caja.

In awo ya tabbatar sai sabo, je kanti da mitarka. Batirin da ya nuna ƙasa da 12.4 a kan kanta ya daɗe yana zaune cikin zafi, ya fara tsufa tun ba a saye shi ba. Nemi kwanan watan da aka buga a jikinsa, wanda bai wuce wata shida ba ya fi. Dubi harafin L ko R a ƙarshen lamba, kamar 55D23L, shi ke nuna gefen da kawunan suke, in ka kuskure waya ba za ta kai ba, ko a ja ta da ƙarfi, ko a ɗaura a juye. Girman amfer kada ya gaza na asali. Motar da ke kashe kanta a tsaye ta sake tashi tana buƙatar nau'in AGM ko EFB. Busasshen batir da ake zuba wa asid a kanti, a bar shi ya sha aƙalla rabin awa, a ɗora shi a caja kafin ya hau mota. Da an ɗaura, tun ba a bar bakin kantin ba, a tayar da inji a sake auna caji da fitilu a kunne, a rubuta lambar da kwanan wata a jikin batirin da alƙalamin da ba ya gogewa.